Malam Ya Rasu Ban Kai Masa Godiyata Ba

Salamu alaikum Yaya. Shekarata 37, ina da mata da 'ya'ya uku. Malamin da ya koyar da mu a aji huɗu na firamare ya rasu, ni kuwa ban ji ba sai bayan mako uku, da wani ya sa hotonsa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Ina yaro ina da i'ina, har na kai aji huɗu karatu bai zauna mini ba, da an ce in tashi in karanta sai aji ya kwashe da dariya. Malam ne ya miƙo mini rajista ya ce daga ranar ni zan riƙa kiran suna kowace safiya, shi yana sa alama. A haka bakina ya sake, karatu ya biyo baya. Rabona da shi shekara 11. Mun haɗu a bakin hanya, na karɓi lambarsa na ce ina nan tafe. Ban je ba, ban kira ba, lambar tana cikin wayata har yau. Ranar da na ji labarin na yi kuka a ofis kamar ƙaramin yaro, kuma abin yana ta ci na. Maiɗakina ta ce ko rasuwar kawuna ba ta ga na yi haka ba. 'Yan ajinmu suna karo-karo don a yi taro a kafa allon tunawa da shi a makarantar. Damuwar nan tawa ba ta wuce gona da iri ba? In je wurin iyalinsa alhali ba su san ni ba, ga shi lokaci ya ja? Me zan yi masa yanzu da zai amfane shi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Malam, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Da gangan na ce "ku". Kai ma kana cikin waɗanda aka yi wa rashi, ko da ba wanda ya tako ya yi maka ta'aziyya.

To daga nan nauyin ya faro. Wanda mahaifinsa ya rasu kowa ya san abin da zai ce masa, a wurin aiki ma a ɗaga masa ƙafa. Wanda malaminsa na shekara 27 da suka wuce ya rasu, in ya faɗa sai a ce Allah sarki, a ci gaba da hirar da ake yi. Wani masani Ba'amurke mai nazarin makoki, Kenneth Doka, ya yi rubutu a kan irin wannan tun a 1989: baƙin cikin da jama'a ba su lissafa mai shi cikin masu haƙƙin yin sa ba. Ba a hana ka kuka ba, amma ba a tanadar maka wurin yin sa ba, shi ya sa ya kama ka a ofis. Maiɗakinka ba ta faɗi haka don ta ɓata maka rai ba, da ma'aunin dangi ta auna, zuciya kuwa ba ta san wannan ma'aunin ba. Ina ma zaton ba ta san yaron nan mai i'ina ba. Ta same ka kana magana tiryan-tiryan, ta ɗauka haka aka haife ka. Zaunar da ita ka ba ta labarin rajistar nan daga farko, kamar yadda ka ba ni, har da dariyar. Ka ga ko za ta sake kwatanta shi da kawu.

Na taɓa riƙe alli na 'yan shekaru kafin in koma rubutu, don haka bari in gaya maka abin da na gani a dabarar Malam, wataƙila kai da aka yi wa ba ka tsaya ka warware ta ba. Malami mai tausayi amma marar dabara zai daina kiranka ka karanta, don ya kare ka daga dariya. Da ka ji daɗi a ranar, da kuma ka fita firamare da bakinka a ɗaure. Mai zafi kuwa zai tsare ka da bulala sai ka furta, wanda ba abin da yake ƙara wa mai i'ina sai sarƙewa. Malam ya bi ta tsakiya. Ya zaɓo kalmomin da ka riga ka sani tun kafin ka gan su a rubuce, ya sa ka maimaita su kullum a jere ɗaya har harshe ya saba, ido kuma yana haɗa sautin da baƙin. Sannan ga babbar hikimar: masu yi maka dariya ya mai da su masu amsa maka. Ka kira, a amsa. Ka kira, a amsa. Yaron da yake jiran a kira sunansa kada a sa masa alamar fashi ba shi da sukunin dariya. Ba a yin irin wannan da ka. Mutumin nan ya koma gida da kai a ransa, ya yi ta juya lamarinka har ya samo ƙofa.

Kada ka ɗauka kai kaɗai kake ganin girman abin saboda so. A jihar Tennessee ta Amurka, tsakanin 1985 da 1989, an rarraba yara sama da 11,000 a azuzuwan farko na makarantu 79 ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce an zaɓa wa wani malami masu ƙoƙari. Shekaru bayan haka masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka bi sawun yaran har suka girma, suka fitar da sakamako a 2011. Waɗanda suka faɗa aji mai kyau sun fi shiga manyan makarantu, sun kuma fi samun kuɗin shiga. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ratar da suka bayar a makin jarrabawa ta dusashe bayan 'yan shekaru, kamar an yi aikin banza, sai ga ta ta sake ɓullowa da suka shiga duniya. Abin da ya zauna bai shafi maki ba, ya shafi irin su naci da natsuwa da ƙarfin halin shiga a dama da kai. Na tabbata in na tambaye ka darasin lissafin da Malam ya yi muku a zango na biyu ba za ka kawo ko ɗaya ba. Amma duk ranar da ka miƙe a gaban mutane ka buɗe baki ba tare da gabanka ya faɗi ba, ajinsa kake. Ashe kukan bai yi yawa ba. Wani ɓangarensa ma na yaron nan ne: mutanen da suka san ka a lokacin da ba ka da komai sai kunya ba su da yawa, yanzu ɗaya ya ragu, kuma shi ne wanda ya ga abin da za ka zama.

Sai maganar da-na-sani, wadda ita ce take cin ka da gaske.

Ba zan ce maka ba komai ba ne, don ka san ƙarya zan yi. Ka ce kana tafe ba ka je ba. Ziyarar nan da ta faranta masa, kuma ba za a sake samun ta ba. Ka yi sake, ka karɓi wannan a yadda yake, ka nemi gafarar Allah a kan alkawarin. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka mai da sake ya zama butulci. Mai butulci ba ya ajiye lamba shekara 11 yana canja waya yana kwashe ta. Na san ciwon, don ni ma ya kama ni: jira. Sai na kammala karatu. Sai na samu aiki mai tsoka. Sai na tara abin da zan riƙa masa wanda ya dace da shi. Girman mutum a idonka shi yake sa ka ga duk abin da ke hannunka ya yi kaɗan, ka yi ta ɗagawa har a wayi gari ba shi. Wanda ba ka damu da shi ba, kira ɗaya ne ka sallame shi.

Ka kuma duba abin daga kujerar Malam. Wanda ya yi shekara 30 yana koyar da yara 40 a shekara, yara 1,200 suka ratsa ta hannunsa. Aikin kansa na sallama ne: ka raini yaro wata tara, ka miƙa shi aji na gaba, ka share allo ka karɓi wasu. Ban taɓa sanin malamin kirki da yake zaune da jerin sunayen waɗanda ba su dawo gaisuwa ba. Abin da muke riƙewa shi ne ranar da wani ƙato mai gemu ya tare mu a hanya ya rusuna ya ce, "Malam ba ka gane ni ba?" Kai ka yi masa wannan. Ka tsaya, ka gaishe shi, ka yi masa magana da bakin da shi ya kwance. Kana tsammanin bai lura ba? Mutumin da ya gano matsalarka cikin yara arba'in ba zai kasa jin yadda kalmomi suke fita daga bakinka ba tare da tuntuɓe ba. Godiyar da ka shirya ba ta isa gare shi ba, amma sakamakon aikinsa ya gani da idonsa, a bakin hanya.

Ana yawan kawo labarin marubucin nan Albert Camus a irin wannan magana. Ɗan talakawa ne a birnin Aljiyas, mahaifinsa ya mutu a yaƙin 1914 yana jariri, mahaifiyarsa ba ta karatu, aikatau take yi. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya yi masa ƙarin darasi ya kuma shawo kan gidansu aka bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin karatu. Da Camus ya ci kyautar Nobel a 1957, a watan Nuwamba ya rubuta wa malamin wasiƙa yana cewa bayan mahaifiyarsa shi ya fara faɗo masa a rai. Wasiƙar ta yi suna ne don irinta ba ta da yawa. Galibinmu niyya muke yi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a Janairun 1960 Camus ya mutu a haɗarin mota, malamin yana raye. Ba tsufan Malam kaɗai ne ya kamata ya hanzarta mu ba, rai baƙon duniya ne ta kowane ɓangare. Kana da malaman aji ɗaya, da biyu, da uku, da biyar, da shida. Da wuya a ce duk sun tafi. Ba sai ka jira 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya da ake yi tun 1994, ba.

Zuwa wurin iyalinsa kuwa, je ka. Jinkirin da kake jin kunyarsa yana iya zama alheri. A kwanakin farko gida cike yake, maganganu iri ɗaya ne, mai makoki ba ya ma tantance fuskoki. Bayan wata guda ƙafa ta ɗauke, shiru ya sauka, a lokacin ne baƙo ɗaya yake da daraja. Rashin saninka ma ba cikas ba ne. Iyalan malami sun san shi a matsayin maigida mai kwana da jan biro a kan tulin littattafai, mai lissafin yadda albashi zai kai ƙarshen wata. Abin da yake yi da zarar ya shiga aji ba su taɓa gani ba. Rabin rayuwarsa tana wurinku, ku ɗalibai, kuma ba mai kai musu ita sai ku.

Saboda haka kada ka je da "Malam mutumin kirki ne". Sun ji wannan sau ɗari, ana faɗa wa kowane mamaci. Je ka da rajistar. Faɗi shekarar, faɗi ajin, faɗi yadda ya miƙo maka ita da abin da ya ce, da yadda muryarka ta yi rawa a sunan farko. Ka rubuta shi a takarda ma ka bar musu, don wani jikan da bai yi wayo ba yanzu zai karanta wata rana. Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Kada ka sauke musu da-na-saninka har matar da ta rasa miji ta koma rarrashinka. Jimla ɗaya ta isa, "na so zuwa yana raye Allah bai nufa ba", ka wuce. Kuma kada zafin zuciya ya sa ka yi alkawari a zaune. Ka riga ka ɗanɗana ɗacin alkawari guda a gidan nan. In kana son taimakawa, ka keɓe da babban ɗansa ko wani na jikinsu daga baya ka tambaya a hankali: akwai yaran da ke makaranta? Akwai bashi? Takardun haƙƙoƙinsa na aiki sun kammala, ko suna buƙatar mai bibiya? Sau da yawa wanda ya san hanyar ofis ya fi mai kuɗi amfani ga iyalin ma'aikaci. Abin da ka san za ka iya ɗorewa a kai shi za ka furta, ko da kaɗan ne.

Taron 'yan ajinku ban ƙi shi ba, amma in faɗi gaskiya irin wannan taro ya fi yi wa masu jawabi amfani. A yi hayar kujeru, a ɗauki hoto, a sa a zaure, bayan shekara biyu allon ya yi ƙura yara suna jingina da shi ba su san ko wane ne ba. In ana son a yi, a fara jin ta bakin iyalinsa da hedimasta, kuma kuɗin ya kasance a hannun mutum biyu ko uku da rubutaccen lissafi da kowa zai gani, don ba abin da ke raba tsofaffin abokai kamar karo-karon da ba a san inda ya shiga ba. Da ni ne a zauren, da na ce a rage taron a kai rarar inda Malam da kansa zai kai. A makarantar nan yau akwai yaro a aji huɗu da bai iya karatu ba, yana zaune a bencin baya yana addu'ar kada a kira shi. Littattafan karatu na yara, ko ɗan ihsani ga malamin da zai riƙa tsayawa da irin waɗannan yaran bayan an tashi, ko gyaran benci, duk sun fi dutse kama da mutumin da ka siffanta mini. Ƙaramin abu da za ku iya maimaitawa kowace shekara ya fi babba na rana ɗaya. Wanda ba ya cin ko sisi kuma: kowa ya rubuto shafi guda, abu ɗaya tak da ya faru tsakaninsa da Malam, a haɗa a ɗinke a kai gidansa. Za ka sha mamakin abin da zai fito, don kowannenku yana zaton shi kaɗai aka yi wa.

(Kada ka yi mamaki in wani a cikinku ya yi shiru, ko ya ce shi bulala kawai yake tunawa. Malami ɗaya ne, yara daban-daban, kuma Malam ɗan Adam ne. Kada a tilasta masa yabo, kada kuma a yi masa ca a zaure. In kuna da kusanci ka kira shi gefe ka roƙe shi ya yafe, wannan ma hidima ce ga mamaci.)

Ka tambayi abin da zai amfane shi. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ka dubi ta biyun da kyau. Wasiƙar da ka rubuto mini da karatun da ya zaunar maka ka rubuta ta. 'Ya'yanka uku in ka zauna da su kana nuna musu baƙi, hannunsa yana ciki. Kai kana ganin ka yanke hulɗa da shi shekara 11, alhali duk tsawon lokacin abin da ya shuka yana ta yi masa aiki ta kanka. Ka ƙara da addu'a, ka ambace shi da sunansa, ka yi sadaka da niyyarsa gwargwadon hali. In kuma maganar da ka tanada tana tokare maka ƙirji, ɗauki biro ka rubuta masa ita duka kamar zai karanta, ka ninke ka ajiye. Mutane da yawa suna samun sauƙi da hakan.

Ciwon zai lafa, ya riƙa dawowa jefi-jefi, wataƙila ranar da ka raka ɗanka makaranta ka ji ana kiran suna ta taga. Wannan ba cuta ba ce. Amma in ka ga an haura wata shida abin bai sassauta ba, barci ya gagara, aiki ya tsaya, zargin kai ya hana ka sakat, to ka ga likita; Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan dogon makoki cikin abubuwan da ake dubawa a yi magani. Wani lokaci kuma rasuwa ɗaya takan tono wata tsohuwa da ba a gama kukanta ba, ka lura da wannan.

Saura lambar. Kada ka goge ta, kuma kada ka ƙara ajiye ta, don layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe ya ba wani. In ita ce yake riƙe da ita har ƙarshe, yanzu wayar tana hannun maiɗakinsa ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Kira ta cikin makon nan. In an ɗauka ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ce kai ɗalibin Malam ne na aji huɗu, shekara kaza, kana neman izinin zuwa gaisuwa, wace rana ce ta fi musu sauƙi. Ranar da suka faɗa ka rubuta ta, ka tafi da maiɗakinka in za ta samu zuwa.